Cokalin Zaitun a Kasuwar Apt: A Saya Ko A Wuce?

Maman Hanifa, Avignon:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mun leƙa kasuwar garin Apt a nan kudancin Faransa, wadda take ci kowace Asabar da safe, to a tsakanin masu zuma da masu sabulu da masu cuku sai ga wani tebur shaƙe da kayan girki na itacen zaitun. Cokula manya da ƙanana, katakon yanka albasa, ɗan turmin daka tafarnuwa, kwanukan salak, har da wani ɗan sanda mai dunƙulallen kai da ake ɗibar zuma da shi. Jikin itacen wallahi abin kallo ne, zane baƙi da ruwan ƙasa ya bi shi a karkace. Cokalin miya Yuro 12, katako mai ɗan girma Yuro 35. Ina so in kai wa Hajiyar maigidana tsaraba in mun tashi zuwa Maraɗi, ni ma kuma muciyar da na zo da ita daga gida ta tsage. Kayan sun ci kuɗinsu? Kuma zaitun zai iya da tuwon masara, ko kwalliya ce kawai?

Hajiya Rabi, Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ku da ke can ku juya mana kuɗin nan zuwa namu mu ji.

Abdu, Lyon:
Hajiya, Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ba ya hawa ba ya sauka. Cokalin kusan sefa dubu takwas ke nan, wato jika takwas, katakon kuma kusan jika 23.

Hajiya Rabi, Damagaram:
Tabɗi! Jika takwas cokali guda? 'Yar nan, ki turo mini kuɗin in shiga kasuwar Dole, in ɗauro miki muciya da koshiya da maburgi har sai kin rasa inda za ki sa su.

Malam Isufu, Marseille:
Salamu alaikum. Ni aikina ke nan, girki a gidan abinci, kuma ina yawan zaga kasuwannin kudancin ƙasar nan. Maman Hanifa, kafin a zo maganar tuwo, akwai abin da ya kamata ki sani. Yawancin kayan zaitun da kike gani a teburan nan ba a Faransa aka sassaƙa su ba. Daga Tunisiya suke shigowa, musamman wajajen Sfax, inda aikin itacen zaitun sana'a ce ta gado. Su can bishiyar zaitun gomman miliyoyi gare su, in ta tsufa ta daina 'ya'ya a sare ta a yi kaya da ita. Nan kuwa zaitun ɗin bai kai ya wadata masassaƙa ba. A watan Fabrairun 1956 an yi wani sanyi da ya kashe ɗimbin bishiyoyin zaitun na kudancin Faransa, tsofaffin manoma har yau da shi suke lissafin shekaru. Da yawa daga waɗanda kike gani a gonaki yanzu tohon kututture ne na bayan wannan sanyin. Manomin da ke Nyons, wanda mansa ke da takardar shaidar asali tun 1994, ba zai sare bishiyar da ke ba shi mai don a yi cokali ba. Sai dai reshen da aka datse ko wadda ta mutu.

Ba ina cewa kayan Tunisiya ba su da kyau ba ne, suna da kyau ƙwarai. Amma ki san abin da kike biya. Ki lura, in kika je kasuwar Uzès ranar Laraba ko Asabar, ko ta Aix, za ki tarar da irin cokalin nan sak, tsayi ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Wannan ɗan sari ne, daga dila guda suke ɗauka.

Baban Khalifa, Kano:
To kun ji ko! Kayan Afirka ne aka haye teku da su, aka shimfiɗa musu ƙyalle mai rawaya, aka ɗora farashin Bature, mu kuma mu saya mu dawo da su Afirka a matsayin tsarabar Turai. Allah Ya kyauta.

Maman Hanifa, Avignon:
Baban Khalifa ka fara ko? Malam Isufu na gode. To ta yaya zan gane wanda ya sassaƙa da hannunsa?

Malam Isufu, Marseille:
Ki tambaye shi kai tsaye, ba sa jin haushi. Ki fara da gaisuwa dai, don a kasuwar Faransa in ba ki ce bonjour ba kika hau tambaya, kin riga kin ɓata cinikin. Sai ki ce wa ya yi, a ina, wane itace ne. Mai sana'ar gaske ba ya gajiya da wannan tambayar, sai ma kin gaji da saurare. Zai ce miki wannan daga reshen da iska ta karya a garin kaza ne, ya shekara nawa yana bushewa a rumfa. Kayansa ba su da yawa, ba su kuma yi kama da juna ba, wani lokaci za ki gan shi zaune bayan tebur da wuƙarsa, ɓawon itace zube a ƙafarsa. Galibi yana da ɗan kati mai adireshin wurin aikinsa. Ɗan sari kuwa zai ce miki "aikin hannu ne" ya tsaya nan, kuma bai yi ƙarya ba, hannun ne dai ba nasa ba.

Sannan ki juya kayan ki duba bayansu. Zaitun yana tsagewa in yana bushewa, to wasu suna cike tsagar da wani abu mai kama da ƙaro su goge. A kwanon ajiye goro ba komai, amma a cokalin da zai shiga tafasasshiyar miya ban yarda da shi ba. Ki shafa da yatsa: in yana sheƙi yana santsi irin na ƙofar da aka yi wa fenti, an shafe shi da banish, ki bar shi. Wanda aka shafa wa mai kawai ba ya ƙyalli sosai, kuma kina jin itacen a hannunki.

Anti Bilki, Paris:
Ni dai tambayar tuwon nake jira a amsa, don ni ma da cokalin ƙarfe nake fama, duk ya kankare mini gindin tukunya.

Malam Isufu, Marseille:
Anti Bilki, zaitun ba na tuwo ba ne. Itace ne mai nauyi da tauri, amma a murɗe yake girma, zanen nan da ya burge Maman Hanifa murɗewar ce. Da wuya a samu dogon yanki da zarensa ya miƙe daga kai har gindi. Shi kuwa tuƙi, duk ƙarfin a wuyan muciya yake taruwa. In zaren itacen ya gitta a daidai wuyan nan, rana ɗaya za ki danna ki ji ƙas. Shi ya sa cokulan zaitun yawanci gajeru ne, na juya salak da zuba miya a faranti.

Abin da kuke nema shi ne itacen da suke kira hêtre. Fari-fari ne, ba shi da ado ko kaɗan, zarensa a miƙe, ba ya ba abinci wari. Shi ne cokalin kowane gida a ƙasar nan, shi ne ƙotar wuƙar Opinel da aka fara yi a Savoie a 1890, kuma yana da araha. A teburin masu kayan zaitun ba lallai ki same shi ba. Ki nemi mai sayar da tarkacen kicin, wanda ke da rariya da mazurari da abin fere dankali, can za ki gan su tsaye cikin bokiti. Ki ce kina son doguwar spatule ta dafa jam, wato muciyarsu mai faɗin kai. Tunda kina Paris ma, akwai shagon E. Dehillerin a titin Coquillière, tun 1820 suke sayar da kayan masu girki, suna da masu tsayi irin na manyan tukwane.

Abdu, Lyon:
Kuma kada ku ɗauka Faransawa ba su san tuƙi ba. A yankin Aubrac suna da aligot, dankali ne da ake markaɗawa a zuba masa ɗanyen cuku a yi ta tuƙa da doguwar muciya har ya riƙa yauƙi, mai tuƙin yana ɗaga shi sama ana kallo. A tsibirin Corsica kuma suna tuwon garin wasu 'ya'yan itace da ake kira chataigne, su tuƙa da sanda, su juye shi a kan ƙyalle su yanka da zare. Da na ga ana yi sai na ce wannan marar kwasar tuwo ce kawai babu.

Hajiya Rabi, Damagaram:
Tuwo da zare! Ikon Allah. To da wace miya?

Abdu, Lyon:
Hajiya kada ki tambaya, abin da suke haɗa shi da shi ba namu ba ne. Da cuku dai za a iya.

Goggo Indo, Katsina:
Ni ina jin ku ne kawai. Muciya ai ba faɗi ake nema a wurinta ba. Abin Bature mai faɗin nan yana yanka tuwo ne, ba ya murza shi a jikin tukunya. Muciyar kirki kanta a dunƙule yake, da ɗan nauyi, ita ke kashe gudaji. Kun taɓa ganin an yi talge an ɗaure da abu mai kama da allo?

Anti Bilki, Paris:
Goggo gaskiyarki, amma mu nan yawanci na semo muke yi a ƙaramar tukunya, na mutum huɗu. Mai faɗin ma tana yi. A unguwar Château Rouge ta nan Paris nakan ga muciya irin tamu a shagunan 'yan Afirka ta Yamma, sai dai ba kullum ba, kuma wata ka taɓa ta sai sartse ya shige maka hannu.

Baban Khalifa, Kano:
Yauwa, a nan nake so a tsaya. Mu me ya same mu? Akushi da kakanninmu suka ci tuwo a ciki, wanda ke riƙe zafi tun azahar har magariba, yau ina yake? Ya koma kayan jeren ɗakin amarya da na masu rawar gargajiya. Ka shiga kasuwar Kurmi, baƙi ne ke tsayawa a kansa, mu kuwa sai kula ta roba. Masassaƙinmu ya wuni da gizago ya fitar da turmin ƙirya da zai yi shekara da shekaru, mu taya shi kamar muna yi masa alfarma. Amma mun je Turai mun ga cokali da ɗan kati a rataye, jiki na rawa za mu ba da jika takwas.

Dakta Zainab, Montpellier:
Yaya, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. Ba raini ba ne kaɗai. Dubi abin da Anti Bilki ta ce game da sartse. Mutumin Sfax ya busar da itacensa, ya goge shi da takardar yashi har ya yi laushi, ya shafa mai. Namu da yawa ɗanyen itace suke sassaƙawa su kai kasuwa a makon, shi ya sa yake tsagewa, musamman in ya zo nan ya haɗu da na'urar ɗumama ɗaki. Ina jin abin da ya sami muciyar Maman Hanifa ke nan. Ƙwarewar hannu kam masassaƙanmu ba a fi su ba. Ƙarashen aikin ne ba a biyansu su yi, su kuma ba sa yi.

Baban Khalifa, Kano:
To ai kin dawo kan maganata, Dakta. Wa zai zauna yana goge cokalin da za a taya shi kuɗin ƙosai?

Dakta Zainab, Montpellier:
Na yarda. Amma akwai kuma maganar itacen kansa. Ƙirya ita ce turmi, ita ce taɓarya, ita ce kuma gawayin da maƙera suka fi so, ga masu gawayin girki sun taso mata. Ka tambayi duk wani tsohon masassaƙi nisan da yake yi yanzu kafin ya samu wadda ta isa turmi. Su ma nan ba su tsira ba. Akwai itacen buis, mai launin rawaya, mai tauri da santsi, da shi mutanen tsaunukan Jura suka yi suna wajen kayan wasan yara da ƙananan kayan kicin. A ƙauyen Aiguines, can kudu, har gidan tarihi suka yi wa masu sana'ar sarrafa buis. To tun wajen 2008 wata tsutsa da ta fito daga gabashin Asiya ta shigo Faransa tana cinye ganyensa, ta bar dazuzzuka tsirara. In kin ga ƙaramin cokalin buis a kasuwa da tsada, da dalili.

Ummu Sadik, Yamai:
Dakta, tunda kin shigo, ni tsorona daban ne. Katako ba ya tara ƙwayoyin cuta? Ni na daina amfani da shi wajen nama, roba nake sa wa.

Dakta Zainab, Montpellier:
An daɗe ana faɗin haka, har wani masani a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Dean Cliver, ya gwada shi da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon a 1994. Sun zuba ƙwayoyin cuta a kan katako da kan roba. Katakon ya tsotse su ciki, bayan ɗan lokaci ba a iya samo su a samansa. Robar da wuƙa ta riga ta yi wa zane kuwa, wankin hannu ba ya fitar da abin da ya maƙale a cikin zanen da sauƙi. Wannan ba izini ba ne a yi ƙazanta. Na ɗanyen nama da kaza daban, na albasa da tumatir daban, a wanke da sabulu da ruwan zafi, a tsayar da shi ya sha iska. Duk wanda ya tsage a yar, don tsagar ce maɓoya.

Faransawa ma da suke da tsanani a dokar abinci ba su rabu da itace ba. Cukun Comté a kan allunan katako yake kwanciya wata da watanni kafin ya nuna.

Abin da zan ce a guje shi ne kwanukan nan masu launi da ake ce wa na gora ne, alhali garin gora ne aka kwaɓa da roba. Tarayyar Turai ta hana sayar da irinsu don in suka ji zafi suna sakin sinadari cikin abinci. Cokalin gora zalla ba shi ake nufi ba.

Maman Hanifa, Avignon:
Allah Ya ƙara ilimi Dakta. Wata tambayar kuma. Maigidan ya ce mu je garin L'Isle-sur-la-Sorgue ranar Lahadi, wai can ne kasuwar tsofaffin kaya, za a samu turmi da cokula na da masu kyau da sauƙin kuɗi.

Malam Habu, Maraɗi:
'Yata, a nan zan sa baki. Tsohon cokalin katako na gidan da ba ki sani ba, kin san abin da ya juya? Mutanen nan suna girki da naman alade, suna zuba giya a miya. Hadisin Abu Sa'alaba da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi magana a kan kwanukan Ahlul Kitabi: in akwai wasu a bar su, in babu a wanke a ci a ciki. Ke kuwa ga sabo a gabanki. Kuma katako ba tangaran ba ne, yana shan maiƙo. In don ado ne a jingine a kanta, ba laifi. Na girki dai ki sayi sabo hankalinki ya kwanta.

Malam Isufu, Marseille:
Malam ya gama magana. Ko ba don wannan ba, tsohon katako yakan zo da ƙwaro a ciki. In kin ga 'yan ƙananan huji kamar na allura da gari-gari a ƙasansa, kada ki shigar da shi gidanki. Amma ku je kallo, garin yana da kyau, ruwa ya kewaye shi, kuma can ne za ki iya taya kaya yadda ranki ke so.

Baban Khalifa, Kano:
Au, a sauran kasuwannin ba a tayi? Kasuwa ce ko asibiti?

Abdu, Lyon:
Baban Khalifa, doka ce a rubuta farashi a jikin kaya, kuma abin da aka rubuta shi ake biya. Ka ce masa "nawa za ka rage" ya dube ka kamar ka zage shi. Babu albarka, babu sallama. Amma in ka haɗa abu uku ko huɗu ka yi hira da shi, yakan cire 'yan canjin sama, ko ya jefa maka ƙaramin cokalin gishiri gyara. Kuma a je da wuri, don ƙarfe ɗaya na rana sun fara naɗe tabarma, masu shara na jiran su.

Baban Khalifa, Kano:
Cinikin da ba a yi rantsuwa ba ai bai ƙullu ba.

Anti Bilki, Paris:
Ni wani abu na gani a kasuwar Bastille da ya ba ni dariya. Cokalin da aka karkata bakinsa musamman don bahago. Na ce da a gidanmu ne, da wannan cokalin za a buge maka hannun.

Goggo Indo, Katsina:
Wato har sassaƙa masa suke yi? Mu da ake ɗaure wa yaro hannun har ya saba. To Allah Ya shirya. Ni dai abin da zan gaya wa Maman Hanifa, in za ki kai wa surukarki, kada ki kai mata cokali ɗaya tilo, za ta ce rowa. Kuma ki sani ba za ta sa shi a tukunya ba, cikin kabet zai shiga, duk baƙuwar da ta zo a fito da shi a nuna mata. Saboda haka ki zaɓi mai kyan gani, maganar ƙarfi ba ta taso ba.

Hajiya Rabi, Damagaram:
Goggo kin san mu sarai. Ɗan turmin nan ma ya fi, ta riƙa daka kanumfari da citta na shayin Alhaji.

Malam Isufu, Marseille:
Turmin zaɓi ne mai kyau, don dunƙulallen itace ne, a nan zaitun ya fi ƙarfi. Su tafarnuwa da ganyen basilic suke dakawa a irinsa. Sai dai a gaya wa Hajiya, iskar hunturu ta Maraɗi ba ta wasa da itace. Kada a jiƙa shi a ruwa ya kwana, kada a shanya shi a rana, a riƙa shafa masa mai lokaci-lokaci. Ku na nan kuma kada ya shiga injin wanke kwanuka ko sau ɗaya.

Ummu Sadik, Yamai:
Wane mai? Na gyaɗa?

Dakta Zainab, Montpellier:
Na gyaɗa da na zaitun duk sukan yi ɗoyi in sun daɗe a jikin itacen da ba a amfani da shi kullum. A nan ana samun man paraffine na abinci a kantin magani, ba ya wari ba ya lalacewa. A gida kuwa ni man kaɗanya mai kyau nake shafawa kaɗan, in bar shi ya kwana, in goge da tsumma. Kuma cokalin da ya shiga manja ko miyar daddawa ya zama na miya har abada, kada a kai shi kunu.

Baban Khalifa, Kano:
To ni ga abin da zan yi, don kada a ce surutu kawai na iya. Akwai wani dattijo masassaƙi da muke hulɗa da shi ta wajen Bichi. Zan sa ya yi mini muciya goma da busasshen itace, ya goge su sumul, in biya shi abin da ya yanka ba tare da na taya ba. Abdu, ƙaninka da ka ce zai taso ƙarshen wata, yana da sauran kilo?

Abdu, Lyon:
Kilishi da yaji sun cinye rabi, amma muciya goma za ta shiga. A cikin babbar jaka dai, kada ya riƙo su a hannu a tsayar da shi a filin jirgi. Kuma kada su wuce tsayin akwatin.

Anti Bilki, Paris:
A sa sunana a biyu. Mai dunƙulallen kai irin wadda Goggo ta ce.

Goggo Indo, Katsina:
Baban Khalifa, ka ce masa kada ya yi da maina, ɗaci gare ta. Kuma ka turo hoton ta farko in gani kafin ya yi sauran.